Ƙasusuwan Jakada

Litinin, 5 ga Satumba, 1994

Yau Zisis mai kula da maƙabarta ya tare ni a bakin famfo ina cika buta. Ya yi ta sosa ƙeya kafin ya iya buɗe baki. "Kiriya Evantiya, shekara biyar fa ta cika. Ana jiran wurin." Yana ce mini Kiriya, wato Malama, amma sai ka ce ni ban iya lissafi ba. Na ce masa na riga shi sani, ya je ya ji da ciyawar da ta cinye kabarin uwarsa.

An sa Asabar, takwas ga Oktoba. Ranar za a tono Jakada, a wanke ƙasusuwansa da ruwan inabi, a zuba a akwati, a kai ɗakin ƙasusuwa da ke bayan coci, inda iyayenmu suke jere a kan kanta. Haka aka yi wa babana, haka aka yi wa innata, haka za a yi mini idan an sami mai yi.

Wankin aikin matan gida ne, Jakada kuwa ba shi da mace a garin nan. Uwarsa ta daɗe da rasuwa. Matarsa Bajamushiya ta kwashe 'yarsu ta koma ƙasarsu tun yarinyar tana shekara bakwai, wai zafi da ƙuda sun ishe ta. Saura ni. Shekara talatin da biyar ina zaune a teburin bakin ƙofarsa a ƙaramin ofishin jakadancin Jamus, ina buga masa takardu, ina tare masa masu kuka da masu zagi. Idan ban wanke shi ba, wa zai wanke shi?

Na riga na zaɓi wuri: kanta ta uku, kusa da taga, gefen akwatin uwarsa. Farin ƙyallen da zan naɗe kansa tun bara na gama yi masa ado.

Ban gaya wa yayana Lambros ba tukuna. Ba na son hayaniya ga abinci a gabana.

Laraba, 7 ga Satumba

Lambros ya jiyo a shagon gahawa. Ya shigo yana murmushin mugunta, ko hula bai cire ba.

"Ƙasar Girka ba ta cin Bajamushe, Evantiya. Za ku buɗe ku same shi yadda kuka sa shi, har da gashin bakinsa."

Ya san abin da yake faɗa. Wanda ƙasa ta ƙi ci, alhaki ne a wuyansa, kuma a gaban duk gari za a gani. Da ba yayana ba ne, da ba tsoho ba ne, da na kifa masa tukunyar wake a ka.

Juma'a, 9 ga Satumba

Hannelore, 'yar Jakada, ta bugo waya daga Bremen. Fada Yerasimos, limamin cocinmu, ne ya sa aka nemo ta, wai ba a taɓa kabari sai da yardar jininsa. Ni da nake kunna masa fitila kowace Asabar ba a nemi tawa yardar ba.

Murya irin ta uwarta, a tsaye ƙyam. Ta ce da farko ta ɗauka wasa ake mata, ita ba ta taɓa jin inda ake tono mutum don a ba wani wurinsa ba. Amma tunda ba makawa, za ta zo ta tafi da shi. Ta sami wuri a wata maƙabarta kusa da gidanta, ƙarƙashin itatuwa.

Na ce, "Ki tafi da shi ina?"

Ta ce, "Gida."

Gida! Mutumin da aka haifa a saman siton zabibi a bakin tashar jirgin ruwan nan. Wanda aka yi wa baftisma a cocinmu da sunan kakansa na wajen uwa, Anastasis, har yara suna ce masa Kir Tasos, wato Malam Tasos, Eberhard ɗin nan sai a kan takarda. Wanda in ya je Jamus sati biyu sai ya dawo da mura yana ƙorafin ba su san tumatir ba. Na ajiye waya.

Asabar, 10 ga Satumba

Na kunna fitila a kabarin Jakada, na gaya masa. Shiru, kamar yadda ya saba idan na kawo masa ƙarar wani.

Talata, 13 ga Satumba

Na bi ta gaban tsohon ofis da gangan. Yanzu shagon takalma ne, da waƙa tana tashi. Amma a saman ƙofa har yanzu ana ganin zagayen inda tambarin gaggafa ya zauna, fentin wurin ya fi sauran haske. Na tsaya ina kallo har yarinyar shagon ta leƙo ta ce lamba nawa nake sawa.

A da akwai wata adaka a ƙarƙashin matakala, cike da tutoci. Duk shekara kafin Ista sai mu fito da su mu kakkaɓe saboda asu, shi yana ba ni labarinsu ko ban tambaya ba. Kakan kakansa, Oldenhof na farko, ya zo ne zamanin da aka kawo mana sarki yaro daga Bavariya. Ya zo sayen zabibi, ya ga rana, ya ƙi komawa. Lokacin ba wata ƙasa ɗaya mai suna Jamus, kowane birni da tutarsa da ƙaramin jakadansa, har Jakada yana cewa a titi ɗaya sai ka ga Jamusawa uku suna gaba da juna, kowa da sandar tutarsa. Tutar Bremen ce ta fari a adakar, ta koɗe ta zama kalar shayi. Sai ta zamanin da suka haɗe suka yi babban sarki. Sai ta bayan yaƙin farko. Ta huɗun, ta lokacin yaƙi na biyu, babu ita, uban Jakada ya ƙone ta a murhu ranar da sojojin Jamus suka fice daga garin nan, kuma ba a sake kiran sunanta a gidan ba.

Ni da ta biyar muka fara aiki tare, a hamsin da uku, da aka sake buɗe ofishin. Ranar farko na tarar an watsa kashin jaki a ƙofa. Jakada ya fito da kwat ɗinsa, ya karɓi tsintsiya daga hannuna. "Ba don wannan na ɗauke ki ba, Kiriya Evantiya." Shi ya share, mutane suna kallo daga shagon gahawa, cikinsu har da yayana.

Kai, ƙuruciya. Ina da kitso har gadon baya a lokacin.

Alhamis, 15 ga Satumba

Mun sake yi da Lambros, a kan tsohuwar magana.

Abin da ya faru kowa ya sani. Da sojojin Jamus suka mamaye gari, suka sa Kir Tasos tafinta, yana saurayi, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Ranar da aka tara maza a dandali aka ware waɗanda za a harbe, Lambros yana ciki, shi da abokinsa Fotis. Kir Tasos ya ce wa hafsan Lambros ɗan dakonsu ne a sito, ba a iya loda jirgi sai da shi. Ƙarya ce, Lambros bai taɓa ɗaukar buhu ba a rayuwarsa. Aka sake shi. Fotis ba a sake shi ba.

Na ce, "Ba don shi ba da yanzu kai ne a kan kanta."

Ya ce, "Ya nuna ni, ya tsallake Fotis. Wa ya roƙe shi?"

Shekara hamsin yana ƙin mutum don ya cece shi. Na tashi na kwashe kwanuka.

Lahadi, 18 ga Satumba

Bayan coci na yi magana da Fada Yerasimos. Ya ce, "'Yata, jini jini ne, ba abin da zan iya." Na girme shi da shekara ashirin, yana ce mini 'yata.

Laraba, 21 ga Satumba

An fara ruwa. Ƙamshin zabibin bana yana tasowa daga tashar jirgi, ko da yake yanzu sito ɗaya ne ya rage.

Na wuni ina tuna shekarun da gari ya kwashe ya tafi Jamus aikin masana'antu. Layi tun daga teburina har bakin titi. Samari da akwatin kwali, mata da goyo, kowa yana so Kir Tasos ya gaya masa gaskiya: da sanyi? Ana samun man zaitun? Akwai coci? Shi kuma ba ya iya cewa mutum ya dawo gobe. Sai ya zauna ya zana musu tashar jirgin ƙasa ta Munich a bayan takarda, ya koya musu yadda ake cewa "ina jin ciwo a nan". Mutanen da suka watsa kashin jaki su ne suka kawo 'ya'yansu ya riƙe musu a wurin baftisma. Ban san iyakar yaran da ya zama ubangidansu ba, rabin masu tasi a garin nan sunansu Tasos.

Wasu kuma a akwatin tutiya suka dawo. Duk wanda ya mutu a can, Jakada ne ke bin waya har sai an sako shi a jirgi, kuma shi ke zuwa tasha da baƙar hula ya tsaya gefen uwar. Akwai ɗan wata mata a garin nan, Kiriya Marigo, da inji ya kama a masana'anta, aka ce kamfani ya riga ya binne shi a can. Jakada ya yi wata uku yana masifa da Jamusanci har aka tono yaron aka kawo mata.

Wannan mutumin za a ce ba namu ba ne?

Asabar, 24 ga Satumba

Fitila. Iska ta kashe ta sau biyu. Na yi mafarkinsa jiya yana neman tabarau, tabarau ɗin yana kan goshinsa.

Laraba, 28 ga Satumba

Hannelore ta iso. Doguwa, gashi a datse kamar na namiji, takalmi shimfiɗaɗɗe. Amma kunnuwan na ubanta ne, sak.

Na kawo mata gahawa da ruwan sanyi da cokalin alewar lemo, ta ce ta gode, ba ta shan zaƙi. A gidana. Na bar faranti a gabanta har ta tashi, ya zama mu biyu muna magana, alewa tana kallonmu.

Likitar ido ce. Ta zo da tsarinta: a yi abin da sassafe, ma'aikata su tono, a rufe akwati, ba taro, ba kowa sai ita da Fada. "Ke ma kina iya zuwa, Kiriya Evantiya." Ina iya zuwa! Na ce mata a nan ba a tono mutum a ɓoye sai ka ce an sato shi. Za a dafa alkama, za a buga ƙararrawa, duk wanda ya san shi zai zo ya gaishe shi.

"Ya gaishe shi yaya?"

Na ce a riƙe kansa, a sumbace shi, a miƙa wa na gaba.

Fuskarta ta yi fari fat. Ta ce a ƙasarsu wannan sai a kira wa mutum 'yan sanda. Na ce to ai ba a ƙasarsu ya mutu ba.

Girkancinta abin dariya ne, na yarinya 'yar shekara bakwai, kuma na zamanin da. Ta ce wa direban tasi "kawu, don Allah in sauka in yi fitsari" maimakon ta tambayi makewayi. Shi ya ba ni labari, yana hawaye don dariya. Sunansa Tasos.

Juma'a, 30 ga Satumba

Mun yi ta. A gaban shagon takalma, don ta ce in kai ta ta ga ofishin.

Na faɗa mata duka. Na ce kakanninsa maza suna can a shingen baƙi, ƙarƙashin duwatsun marmara da ba mai taɓawa har abada, amma shi ya ce a sa shi cikin mutanen gari, ya san sarai za a tono shi. Na ce wannan ai magana ce, ko da bai rubuta ba. Na ce ta zo jana'iza ta kwana ɗaya ta koma, mu muka yi masa kwana arba'in, muka yi masa shekara. Har na ce wanda bai san inda uban yake ajiye maganin tarinsa ba bai isa ya ce ga gidansa ba. Wannan ta ƙarshen da na haɗiye ta.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta nuna matakalar da ke gefen shagon.

"A nan nake zama. Sati biyu nake da su a shekara, lokacin hutu. Sai ya ce bari ya sallami mutum ɗaya mu tafi bakin teku. In zauna da bokitina, layi yana wucewa ta kaina. Ku kun same shi shekara saba'in, Kiriya Evantiya. Ni yanzu da ba ya iya tashi ya amsa ƙofa nake so a ba ni shi."

Na ce aiki ne, mutane suna cikin wahala.

Ta ce ta sani.

Na dawo gida na goge tagogin da na goge shekaranjiya. Bokitin ja ne, da hoton agwagwa. Ban san na riƙe wannan a kaina ba.

Litinin, 3 ga Oktoba

Yau ranar haɗewar Jamus ce, na gani a talabijin, jakadansu na Atina, babban birninmu, yana gaisawa da mutane. Jakada ya rasu saura 'yan watanni bangon da ya raba Jamus biyu ya faɗi. Kullum yana cewa ba zai gani ba, kuma bai gani ba. Bayansa ba a naɗa kowa ba, aka turo mota daga Atina ta cire tambari. Mai neman wani abu yanzu ya hau bas.

Ba ta zo ba, ban neme ta ba.

Laraba, 5 ga Oktoba

Lambros ya gamu da ita a kasuwa ya jawo ta gida cin abinci, don dai ya ƙona mini rai. "'Yar Jamus, zauna ki ci, kin rame kamar sandar tuta." Ta zauna. Ta ci kifi da hannu, ta suɗe ƙayar kamar yadda uban yake yi, daga wutsiya zuwa kai. Lambros ya yi ta zuba mata surutu, ya tambaye ta ko gaskiya ne a can maƙwabci yana mutuwa ba a sani ba sai wari. Ta ce gaskiya ne, amma a nan ma ta lura ba a barin mutum ya mutu cikin kwanciyar hankali, ko bayan shekara biyar. Ya yi dariya har ya ƙware.

Da za ta tafi ta ce ta yarda a yi taron yadda muka saba. Amma bayan an gama, da shi za ta tafi. Na ce za mu gani.

Da ta fita Lambros ya ce, "In an buɗe ba a ga abin kirki ba, ki janye yarinyar nan baya. Kada ta gani." Ban san yana da irin wannan a cikinsa ba.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Dafa alkama. Ta zo da kanta ta ce a ba ta aiki, na ba ta ɓarar rumman. Ta ɓata rigarta, ta ɓata bangona. Mun shanya alkamar a kan zane, mun zuba zabibi da kirfa da gyaɗar almon, mun rufe da garin sukari. Na ce ta rubuta harafin sunansa a sama. Ta tsaya da cokali. "Wanne? E ko A?" Na ce ta sa duka biyun, tire ɗin da faɗi.

Tsoro nake ji. Ba na son rubutawa, amma tsoro nake ji. Ni na san shi, amma ban kasance a dandali ranar nan ba, kuma ƙasa ba ta jin lallashi.

Asabar, 8 ga Oktoba

An gama. Bari in rubuta tun ƙafafuna ba su huce ba.

Ban taɓa ganin maƙabartar nan ta cika haka ba. Masu tasi sun jera motoci har kwanar asibiti. Tsofaffin da suka yi aiki a Jamus sun zo da kwat ɗinsu na can, ya yi musu yawa yanzu. An kawo Kiriya Marigo a kujera. Lambros yana can baya, jikin itacen sifres, hula a ka.

Zisis ya yi ta haƙa da shebur, da ya kai ga ruɓaɓɓen katako sai ya ajiye ya koma da hannu. Wurin ya yi tsit, Fada kaɗai ake ji. Hannelore tana gefena, ban san lokacin da ta kama hannuna ba, har yanzu da shatin farcenta.

Sai Zisis ya ɗago kai ya ce, "Tas." Ya miƙo ƙoƙon kan.

Tas kuwa. Ba tsoka, ba gashi, ba komai. Launin zuma, irin wanda tsofaffi ke cewa na mutumin kirki ne. Na ji mata suna ta yin alamar gicciye a bayana, wata tana cewa ƙasa ta yafe masa, wani yana cewa me zai sa ba za ta yafe ba. Na karɓe shi a farin ƙyalle, na zuba ruwan inabi, na goge masa goshi da inda kunnuwan suke. Shekara biyar ina shirya abin da zan ce masa, ba ko ɗaya da ya zo.

Jini ke fara riƙewa, don haka na juya na miƙa mata. Na ɗauka za ta ja da baya. Ta karɓa da hannu biyu, ta duƙa a kan tulin ƙasa da siket ɗinta mai tsada, ta ɗora shi a cinya. Ta fara yi masa magana da Jamusanci ƙasa-ƙasa. Ni kaɗai nake jin yaren a kusa, kuma ba zan rubuta abin da ta ce ba.

Mutane suka yi layi, kamar yadda aka saba. Tun daga bakin kabari har ƙofar maƙabarta. Ba wanda ya ce mata komai, sai ɗan tari, sai jan ƙafa. Ta ɗago ta ga layin. Na ga fuskarta lokacin da ta gan shi. Ta share ido da bayan hannu, ta tashi, ta miƙa wa na farko, ta koma gefe ta tsaya hannu a sake.

Na so in daka wa garin nan tsawa gaba ɗaya, ban san dalili ba. Ai ni na kira su.

Lambros ne na ƙarshe. Ya cire hula, ya riƙe kan ya daɗe yana kallo, bai sumbata ba. Ya ce, "To, Kir Tasos. Ta cinye ka." Sai can ya ƙara, "In ka ga Fotis ka yi masa bayani da kanka, ni na gaji." Ya miƙo mini ya fice, bai tsaya cin alkama ba.

Mun wanke sauran mu biyu, ni ina zubawa tana gogewa. Tana kiran sunan kowane ƙashi a hankali, aikin likita. Mun jera su a akwati, kai a sama. Aka kai ɗakin ƙasusuwa, kanta ta uku, kafin a ga abin da za a yi.

A bakin ƙofa ta ce mini, "Ki bar shi nan, Kiriya Evantiya. Na gani. Naku ne."

Na ci nasara ke nan. Na dawo gida na zauna da takalmi a ƙafa har rana ta faɗi.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Na je na gan shi. Wurin ya yi masa kyau, haske yana shigowa ta taga kamar yadda na tsara. Kafin in fito mutum biyu sun shigo gaishe shi, ɗaya har yana ba shi labarin fanshonsa da aka riƙe a Jamus.

Ko a nan ma ba za su bar shi ba.

Litinin, 10 ga Oktoba

Na same ta a masauƙi tana haɗa kaya. Na ce ta ajiye, ta sa takalmi, za mu wurin maƙerin da ke liƙe akwatin tutiya, don ba a hawa jirgi da akwatin katako haka nan.

Ta ce ba ta gane ba.

Na ce abin da nake so a gani an gani. Ƙasa ta karɓe shi a gaban kowa, ta gama nata, ba mai sake buɗe baki a shagon gahawa. Ƙasusuwa kuma ba sa jin sanyi. Ta fara kuka, na ce ta yi mini shiru, ba don ita na yi ba, kantar ce take da danshi.

Fada ya ce, "'Yata, kin tabbata?" Na ce ya sa hannu kawai.

Sharaɗi biyu na kafa mata. Kada a ƙone shi, na ji suna yi a can. Kuma a kunna masa fitila ranar Asabar, da man zaitun, ba kyandir ɗin roba ba. Ta ce za a kai ƙararta wurin masu kula da maƙabarta. Na ce ta gaya musu umarni ne daga ofishin jakadanci.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Sun tafi da jirgin ruwan Italiya. Ta ƙi a sa shi cikin kaya, ta rungume akwatin ta hau da shi. Masu tasi suka yi ta danna oda. Ban ɗaga hannu ba, hannuna yana riƙe da jaka.

Lambros ya ce, "Ƙarshenta dai Bajamushe ya koma Jamus." Amma muryarsa ba daɗi, kuma ya bar mini rabin kifinsa.

Laraba, 26 ga Oktoba

Ta bugo. An binne shi, ana ruwa, ganyaye sun zube. Ta ce fitilar ta ƙi zama, lagwanin yana nutsewa cikin mai. Na yi ta kwatanta mata a waya, ba ta gane ba. Likita guda! Abu ne da sai an nuna wa mutum da hannu.

Da yamma na biya ta wurin Andonis mai hoto, don hanya ce. Dubban hotunan mutanen garin nan na manna a takardun tafiya da hannuna, ni ko Italiya ban taɓa leƙawa ba. Ya ce, "Na mene ne, Kiriya Evantiya?" Na ce na ajiyewa ne, mutum ba ya rasa hoto. Ya ce to me ya sa nake son ƙanana guda huɗu masu farin bango. Na ce ya ɗauka ya rufe mini baki.

Ba wai zan je ba ne. A shekaruna, da wannan gwiwar, ga Lambros da ba ya iya dafa ko ƙwai.

Na fito da kyau a hoton, ba laifi. Gobe in tambayi Kiriya Marigo ko tana da sauran babbar rigar sanyin nan da ɗanta ya aiko mata.